Karen Bara

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Na tashi ina jin wannan karin magana a bakin manya, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi inda karen bara yake kwana ba. Ni kaina ban tambaya ba, alhali kuwa na san amsar tun ina ɗan shekara 8. A bayan rumfar mahauta ta unguwarmu, cikin birnin Zariya, akwai wani jan kare da aka ce a da shi ne kan gaba a karnukan wani mafarauci, idan rani ya yi aka buga gangar farauta shi ke fara kutsawa daji. Da ƙafafunsa suka yi sanyi, haƙoransa suka zube, sai mai shi ya daina kiran sa, shi kuwa ya koma zaman jiran abin da mahauta za su jefar. Mu yaran makarantar allo muka mai da shi abin gwada saiti. Ina cikin waɗanda suka fi iya jifa, kuma har yau ina tuna cewa ba ya gudu. Yakan ɗaga kai ya dube mu, ya ja jiki ya matsa kaɗan, ya sake kwantawa.

A wancan lokacin a hannun Gwaggo nake, yayar mahaifina. Allah bai ba ta haihuwa ba, saboda haka da aka yaye ni sai aka kai mata ni riƙo, kamar yadda aka saba. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini. Shekara 10 na yi a ɗakinta. Da na gama firamare mahaifina ya zo daga Kaduna, ya ce lokaci ya yi da zan koma gida in shiga sakandare. Ita da kanta ta jera mini kaya a akwatin ƙarfe, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da dakuwa, ta raka ni har zaure tana dariya tana yi mini tsiya. Na shiga mota ina ɗokin ganin Kaduna, ko waigawa ban yi ba.

Bayan shekaru, tallafin karatu ya kai ni Ingila, birnin Manchesta, inda na karanta ilimin akanta. A shekarata ta biyu kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai ya fi ƙarfin aljihuna, na shiga neman haya mai rahusa. Na samu ɗaki a saman benen wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ba nisa da filin shaƙatawa na Platt Fields. Muna cikin daidaita farashi sai ta ce akwai abu ɗaya da ya kamata in sani: lokaci-lokaci akan samu kare a gidan. Gabana ya faɗi. Na tambaye ta ko nata ne, ta ce a'a, ba ta da kare ko ɗaya. Wata ƙaramar ƙungiyar ceton karnuka ta unguwar ke kawo mata tsofaffin karnukan da suka rasa masu su, ta riƙe su a gida har a samu wanda zai ɗauke su dindindin. Da na nemi kalmar da zan fassara wa kaina wannan aiki da Hausa, ban samu wata ba sai riƙo. Na yi mamaki ƙwarai, domin ban taɓa zaton kalmar da ta raine ni za ta iya hawa kan kare ba. Talauci ya sa na karɓi ɗakin. Kafin wata biyu na fara kiran matar Iya, ta tambaye ni ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce ta karɓa.

A bakin Iya na fara fahimtar yadda al'amarin yake tafiya a can. Gidajen ajiye karnuka tsofaffin abu ne a Ingila. Wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa gidan da daga baya ya zama na Battersea a Landan tun 1860, ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust ta fara a 1891, gidan karnuka na Manchesta kuwa an buɗe shi a 1893. Gobarar da ta ci wannan gida na Manchesta a watan Satumba na 2014, inda kimanin karnuka 60 suka halaka, ita ce ta sa Iya ta fara tunanin buɗe ƙofarta. Bisa doka, idan aka tsinci kare yana gararamba, ƙaramar hukuma takan tsare shi kwana 7. Tun daga watan Afrilu na 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare wata 'yar ƙwayar lantarki mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuyansa, wadda ke nuna mai shi. Idan kwana 7 suka cika ba wanda ya zo, hukuma na da ikon ba da shi ga wani, ko miƙa shi ga ƙungiya, ko a yi masa allurar da za ta ɗauke ransa. Sai dai tsofaffin karnukan da suka ratsa gidan Iya yawancinsu ba ɓata suka yi ba. Masu su ne suka mutu, ko aka kai su gidan kula da tsofaffi inda ba a shiga da dabba, ko kuɗin likita ya gagare su. Kare yakan fara shiga tsufa wajen shekara 7 zuwa 8, manyan karnuka ma kafin haka, kuma mai neman kare idan ya shiga gidan ajiya idonsa kan kwikwiyo yake sauka. Tsoho yakan daɗe a keji, ga sanyin siminti ga haushin 'yan'uwansa dare da rana, shi da ya saba da kujera ɗaya da murya ɗaya shekara goma.

Kafin a kawo mana kare na farko bayan zuwana, sai da wata mata daga ƙungiyar ta zo da takarda da biro. Ta san gidan sarai, amma tun da an samu sabon mutum a cikinsa, dole a sake dubawa. Ta zaga bayan gida ta duba shinge, ta gwada sakatar ƙofa, ta tambayi awa nawa gidan yake zama ba kowa. Daga nan ta juyo gare ni ta tambaye ni ko ina tsoron kare. Na ce ƙwarai kuwa. Na ƙara da cewa ni Musulmi ne, ba na son kare ya shiga ɗakin da nake salla. Na zaci za ta ɓata rai, sai na ga ta rubuta duka biyun, ta ce wanda ya faɗi tsoronsa ya fi mata sauƙi a kan wanda ya ɓoye. Aka yi ƙa'ida: za a sa ƙyaure a gindin matakala, kare ba zai hau sama ba, kuma babu wani aiki nasa da ya rataya a wuyana.

Daga baya na gane cewa waɗannan tambayoyi su ne ke raba ƙungiyar kirki da ta jeka-na-yi-ka. A lokacin da nake can, Sikotilan ta riga ta wajabta lasisi ga masu wannan aiki tun 2021, amma a Ingila kowa na iya buɗe shafi a Facebook ya kira kansa mai ceton karnuka, ya karɓi kuɗi ya miƙa kare a bakin titi. Ƙungiyar kirki takan kai kare wurin likitan dabbobi kafin komai, a yi masa rigakafi, a duba haƙora da jini. Takan faɗi aibinsa kafin ta faɗi kyansa. Takan ziyarci gidan mai nema, ta sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar cewa idan riƙon ya gagare shi, wurinta zai mayar, ba zai sayar ko ya yar ba. Ga masu riƙo irin Iya kuwa, ita ke biyan kuɗin magani. Wadda ba ta tambayi komai ba sai kuɗi, karenta ne ke ƙarewa da riƙon sakainar kashi.

A watan Nuwamba aka kawo shi. Baƙi ne, babba, mai jinin Labrado, shekararsa 12, furfura ta cinye masa baki da gira. Mai shi wani tsoho ne da ya rasu, 'ya'yansa kuma suna zaune a gidajen hayar da ba a yarda da dabba ba. Yana da amosanin gaɓɓai a ƙafafun baya, an cire masa haƙora da dama, sannan kurma ne. Yana da sunan da ubangidansa ya sa masa, amma tun da ba ya ji, kiran sunan ya zama aikin banza. Ni a zuciyata Dattijo nake ce masa. Makonsa na farko bakin ƙofar waje ya tare, hancinsa a ƙasan ƙyaure, ko abinci sai Iya ta kai masa can. Ina saukowa da safe in raɓe bango in wuce, shi kuwa ya ɗaga kai ya dube ni, ya ja jiki ya matsa kaɗan don in samu hanya. Wannan matsawa ta dame ni, domin na san inda na taɓa ganin irinta.

A cikin Janairu, ana tsakiyar sanyi kuma ina tsakiyar jarrabawa, Iya ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gida, ƙashin ƙugunta ya karye. Motar asibiti ta tafi da ita, aka ce sai an yi aiki, kuma za ta yi makonni kafin ta taka da kyau. Da yamma matar ƙungiyar ta zo. Ta ce duk gidajen riƙonsu a cike suke, abin da ya rage shi ne a biya kuɗi a ajiye Dattijo a keji har Iya ta warke. Ba ta roƙe ni komai ba, ta ma tuna mini da ƙa'idar da muka yi, ta ce gobe da safe za ta zo ta ɗauke shi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na san abin da malamanmu suka karantar: a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Na kuma san hadisan da suka yi gargaɗi a kan ajiye kare ba don farauta ko gadin dabbobi ko gona ba, kuma ban taɓa ɗaukar su da wasa ba. Amma a cikin Bukhari da Muslim ɗin dai akwai labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Wancan karen ba nasa ba ne, ba ya yi masa farauta, ba ya yi masa gadi. Ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da na iya gani a daren shi ne, ba a ce in mallaki kare ba, dabba ce marar lafiya a ƙasan benen da nake kwana, kuma ni kaɗai na rage a gidan. Da asuba bayan na yi salla na aika wa matar saƙo cewa ta bar shi, in dai za ta koya mini.

Ta koya mini kuwa, kuma ba ta sake ni ni kaɗai ba. Sau biyu a mako take leƙowa, ranakun da nake da jarrabawa kuma wani ɗan sa-kai ke zuwa ya fita da shi. Na koyi auna maganin gaɓɓansa daidai da nauyinsa in zuba a cikin abinci, domin ba a ba da shi a cikin da babu komai. Na koyi jiƙa masa abinci da ruwan ɗumi saboda haƙoran da babu. Na shimfiɗa tsofaffin dardumai a kicin don kada ƙafafunsa su zame a kan tayil. Na koyi cewa kurman kare ba a taɓa shi daga baya yana barci, sai a buga ƙafa a ƙasa ya ji motsi a jikinsa, ko a tsaya inda zai gani a yi masa alama da hannu. Fita gajeriya sau uku ta fi masa doguwa sau ɗaya. Tafiyar da nake yi cikin minti biyar zuwa Platt Fields, da shi sai mu yi minti ashirin, yana tsayawa a gindin kowace bishiya yana shinshina kamar mai karanta wasiƙa. Ranar farko na riƙe igiyar da ɗan yatsa biyu, jikina na ɓari. A mako na uku na tsinci kaina ina yi masa hira da Hausa, ina ba shi labarin Zariya, shi da ko Turancin ma ba ya ji. Ƙyauren gindin matakala kuwa yana nan a rufe har ƙarshe, bai taɓa neman ya tsallake ba.

A aji ana koya mana yadda ake rage darajar kadara shekara bayan shekara, mota ko inji, har ta kai sifili a littafi. Idan da za a auna Dattijo da wannan ma'auni, ya daɗe da wuce sifili, domin ba ya gadi, ba ya farauta, ba ya haihuwa, sai cin magani. Amma na lura da cewa gidan da Iya ta bari ba kowa bai zama kango ba saboda shi, kuma ni da na yi shekara guda da rabi a garin ban san sunan maƙwabci ko ɗaya ba, cikin wata ɗaya na san rabin layin, don kowa sai ya tsaya ya tambayi lafiyarsa da ta Iya.

Iya ta dawo da sanda, muka ci gaba da raba aikin. Mutum uku suka nemi ɗaukar Dattijo. Na farko yana zaune a hawa na uku ba na'urar hawa, kuma yana yini a wurin aiki, ƙungiyar ta ba shi haƙuri. Na biyu iyali ne masu yara ƙanana, aka ce kurman kare mai ciwon gaɓɓai ba zai jure a faɗo masa ba zato ba, su ma aka ba su haƙuri. Ni a lokacin har haushi na ji, ina ganin wanda ba shi da gata bai kamata a yi masa zaɓe ba. Matar ta ce da ni ai don ba shi da gatan ne ake yi masa zaɓen, domin idan aka kai shi aka dawo da shi, ba lalle ya sake saba da wani gida ba. Na uku wani tsohon direban bas ne da matarsa ta rasu, gidansa a ƙasa, da ɗan fili a baya. Aka baje masa takardun likita duka, aka gaya masa cewa shekara ɗaya ko biyu ake fata, ba fiye ba, kuma ƙungiyar za ta ci gaba da biyan kuɗin maganin gaɓɓan. Ya ce shi ma shekararsa 74, idan ya ɗauki kwikwiyo shi zai mutu ya bar shi maraya, gara wanda tafiyarsu ta zo ɗaya. Sau uku ya zo suna fita tare kafin a yarda.

Ranar tafiya Iya ta haɗa masa kaya a jaka: bargonsa, kwanonsa, sauran magani, da takarda mai lokutan cin abinci. Ta raka shi bakin mota tana dogara sanda, tana dariya tana yi wa direban tsiya. Muka ɗaga masa ƙafafun baya ya shiga, ya kwanta a kan bargonsa. Motar ta tashi, bai waigo ba. Da muka koma ciki Iya ta rufe ƙofa, ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka. Na ce, “Iya, tun da kina son sa haka, me ya hana ki riƙe shi?” Ta share ido ta ce shi ne na tara, kuma kowanne haka take yi. Idan ta riƙe shi, na goma ba shi da wurin zuwa. Ta ce rashin waigowarsa ma daɗi ya yi mata, alama ce ya tafi ba tsoro.

Na hau sama na zauna a bakin gado, akwatin ƙarfen nan da ƙullin ƙuli-ƙuli suka dawo mini. Shekara goma sha ina ɗaukar dariyar Gwaggo a zaure a matsayin dariya. Na kira wayar ɗan maƙwabcinta, aka kai mata.

“Babana, lafiya da daren nan?”

“Lafiya lau, Gwaggo. Tambaya gare ni. Ranar da Baba ya zo ya tafi da ni, da kika koma ɗaki me kika yi?”

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, “Yau kuma? To, tabarmarka na naɗe na sa a bayan gado. Kwana uku ban ɗora tukunya ba.”

“Me ya sa ba ki hana ba?”

“Riƙo aka ba ni, Babana, ba kyauta ba. Wanda aka ba amana ai ya san ranar mayarwa tana nan tafe. Ka ci abinci kuwa?”

Dattijo ya yi wata 15 a gidan direban. Da ƙodarsa ta gaza, likita da ƙungiyar da mai shi suka yi shawara, ya mutu a kan bargon nan, kansa a cinyar tsohon. Direban ya aiko wa Iya kati da hoto, ita kuma ta turo mini, domin a lokacin na riga na gama digiri na dawo gida. A gidanta kuwa akwai wata tsohuwar karya mai ido ɗaya, ta goma sha ɗaya.

Na tarar da Gwaggo mijinta ya rasu, yanar ido ta rufe mata gani, tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan dangi, kowa na ganin wani ne zai kula. A tsawon shekarun da na yi a Kaduna da Ingila, sau nawa na taka na je gaishe ta, ba na son in ƙirga. Allah ya kiyashe ni in kwatanta ta da dabba. A wannan labari ni ne ɗan riƙon da ya shiga mota, ita ce ta koma ɗaki. Amma a hannun wancan kare na koyi tafiya daidai da takun tsoho, da tsayawa inda za a gan ni kafin in yi magana, da tuna lokacin magani ba sai an tuna mini ba. Na nemi aiki a Zariya, na kama gida mai ɗaki biyu, aka yi mata aikin ido ɗaya, muna jiran na biyun.

Rumfar mahautan tana nan inda na bar ta, kuma a bayanta akwai wani tsohon kare, fari mai ɗingishi. Ban kai shi gida ba, kuma ba na ba yara shawarar taɓa karen da ba su sani ba, domin ciwon haukan kare gaskiya ne a ƙasarmu kuma yana kisa. Na dai roƙi wani abokina da ya karanta likitancin dabbobi ya zo ya yi masa rigakafi ya duba ƙafar, na yi magana da babban mahaucin ya yarda a ajiye kasko a gindin bango. Kullum da safe idan zan tafi aiki nakan cika shi da ruwa. Rannan na tarar da yara uku da alluna a hammata, ɗaya da dutse a hannu. Ban yi masa tsawa ba, don na san hannun da ya fi nasa iya jifa. Na miƙa masa butar na ce ya zuba. Ya dube ni, ya dubi karen, ya ajiye dutsen a ƙasa don ya samu hannun karɓa.